Shekarar da Na Bar Shaho Na Hau Kamiyon Sama

Da sunan Allah nake ci gaba da wannan rubutu, ku ƴaƴana, kuma yau na iso shekarar da na fi so a tambaye ni a kanta. Na san kun sha jin ana cewa wai sauke ni aka yi daga jirgin yaƙi, wai laifi na yi, ko kuwa idona ne ya mutu, shi ya sa aka mayar da ni tuƙin babban jirgin kaya. Ƙarya ce tsagwaronta. Idona a lokacin ya fi na kowannenku yau, ku da kuke wuni manne da waya. Ni na ɗauki ƙafata na shiga biro, wato ofis, na ce a canza ni, kuma da za a dawo da ranar, da gudu zan sake shiga.

Amma sai kun san abin da na bari tukuna. Jirgin yaƙin da na tuƙa kujera ɗaya gare shi. Ka shiga, a ɗaure ka tamau, a rufe maka gilashi bisa kai, daga nan kai ne direba, kai ne yaron mota, kai ne fasinja. Kafin ka gama tunanin juyawa ya riga ya juya. Wallahi har yau in na rufe ido ina jin yadda yake manna ni da kujera in ya ɗaga hanci, ƙasa tana guduwa a bayana, ni kuwa ina dariya ni kaɗai cikin hular ƙarfe. Na so jirgin nan so na haƙiƙa. In aiki ya kai mu arewa, a hanyar dawowa nakan ratso ta kan Arlit, garin da aka haife ni, inda kakanku ya zo daga Damagaram ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa kar, wato babbar motar da ke kai ma'aikata ramin uranium. Sai in sauko ƙasa-ƙasa, in bi ta kan kartiyenmu, wato unguwarmu, in karkata fiffike dama, in karkata hagu, in wuce. Haka matuƙan yaƙi suke gaida gida. Awaki su watse, masu shayi su ƙone yatsa, manya a Yamai su ja mini kunne, in sunkuyar da kai in ce na ji.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan gaisuwa shi ne ƙanena, baffanku Mutari. A lokacin ɗan kabu-kabu ne, yana haya da moto, wato babur, tsakanin kasuwa da unguwar Akokan. Ya sa aka zana masa jirgina a kan tankin mai, aka rubuta Shaho a ƙasa da jan fenti. Duk wanda ya hau bayansa sai ya sha labarina kafin ya sauka, yana so ko ba ya so. A bakin Mutari na yaƙi ƙasashen da ban taɓa takawa ba.

Abin da ya juya mini kai tafiya ce da na yi a matsayin fasinja. An aike ni wani sansanin soja can cikin hamadar Tenere, na shiga cikin babban jirgin nan mai inji huɗu, na zauna a kan buhu ina raina shi a zuci, don tafiyarsa ta yi mini kama da ta tsohuwa mai ciwon gwiwa. Da muka sauka aka buɗe ƙatuwar ƙofar baya, sai na ga sojoji suna tahowa a guje, wasu ko takalmi babu. Na ga wani ƙaton saje ya rungume buhun albasa yana sumbata. Na ga an sauke gangunan ruwa ana kabbara. Sannan aka shigo da wani soja a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ƙafarsa a kumbure, ya ɗaga ido ya kalli rufin jirgin ya ce alhamdu lillahi. Ni da na yi shekaru ina wuce wa mutanen nan ta sama, ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. A hanyar dawowa ban yi wa kowa magana ba, na haura gaba na tsaya bayan matuƙan ina kallon hannuwansu.

Ba a daɗe ba aka ce tsofaffin matuƙan babban jirgi sun kusa ajiye aiki, ana neman masu maye gurbinsu. Sharuɗɗan ba su da daɗi. Wanda ya bar jirgin yaƙi ya bar shi ke nan, don nan take za a ba wani kujerarsa. Zai koma ɗan koyo duk galarsa, wato muƙaminsa. In kuma ya faɗi jarrabawar zama shugaban jirgi sau biyu, to, ya gama tashi, sai tebur da fanka a wani biro a Yamai har ya tsufa. Na ji duka, na ce a rubuta sunana.

Mamanku ba ta ba ni wahala ba, ta ce ita dai duk jirgin da ba a harbi da shi ya yi mata. Rigimar tana Arlit. Na ɗauki permisiyo, wato hutu, na je na same su a tsakar gida, kakarku Inna tana tsinkar zogale a ƙarƙashin rumfa, Mutari yana wanke motonsa. Da na gama bayani sai ya saki tsumman cikin bokiti.

“Yaya, wasa kake ko? Daga Shaho ka koma kamiyo, motar ɗaukar kaya? Kamiyon sama fa! Buhunan shinkafa za ka riƙa ɗauka?”

“Da albasa,” na ce masa.

“Ni da wane ido zan kalli ƴan tasha? Shekaranjiya na sake wa zanen nan fenti!”

Inna ba ta ɗago ba. Kun san ba ta taɓa kiran sunana ba, tunda ni ne ɗan fari.

“Kai, mai sunan Malam. Wancan ɗin naka mai firgita mini awaki, mutum nawa yake ɗauka?”

“Ni kaɗai, Inna.”

“Wannan fa?”

“Zai kwashe mutanen layin nan kaf, ya bar wa awakin wuri.”

“To, yanzu na ji jirgi. Ubanku bai taɓa tayar da kar shi kaɗai a ciki ba. Allah ya yi albarka.”

Mutari ya tura motonsa ya fita, ko kallona bai yi ba. Ranar da zan koma, wani ɗan kabu-kabu daban ne ya kai ni tasha, kuma abin ya yi mini zafi fiye da yadda na nuna.

Sitaj ɗin koyon babban jirgi ya sauke mini girman kai tun makon farko. Wajen zaman matuƙa ma sai ka hau tsani, ka zauna can sama kamar mai leƙen titi daga bene. Ka murza masa hannu ya juya, sai ya tsaya ya yi shawara da kansa tukuna. Na riƙa saukowa da shi da ƙarfi don idona ya saba da ƙasa tana kusa. Ran nan aka kashe mana inji ɗaya don gwaji, sai hannuna ya zarce tsakanin gwiwoyina yana lalube, inda mariƙin da ke cilla matuƙin yaƙi waje da lema yake. Mekanisiyen jirgin, wanda ke zama tsakaninmu a baya kaɗan yana lura da injuna, ya yi dariya har da hawaye.

“Kapiten, nan babu ƙofar gudu. Duk inda za a je, tare za mu.”

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne magana. A jirgin yaƙi shiru ake aiki, ka gani, ka yanke, ka aikata. A nan kuwa duk abin da za ka taɓa sai ka faɗa da baki, na damanka ya amsa, mekanisiye ya tabbatar. Akwai kuma wata doka da ta tsaya mini a wuya. In ana saukowa, duk wanda ke cikin ɗakin tuƙi, komai ƙanƙantar galarsa, in ya ce a sake tashi, to, mai tuƙi ya tura wa injuna wuta ya hau sama nan take. Ba tambaya, ba waiwaye, sai an koma sama a ji dalili. Ni da na saba ko Iblis ba ya sa mini baki a sama, yanzu wai yaron da na girme wa nesa ba kusa ba zai iya ƙwace mini sauka da kalma biyu.

Mai jarraba mu shi ne Kolonel Abarshi, tsohon Ba'adare mai furfura a gira, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana cin goro. A jarrabawata ta farko, a Agadas, muna saukowa mekanisiye ya ce gudunmu ya ɗan yi yawa. Na ce masa na gani, na gyara abina shiru, na ajiye jirgin lafiya lau, ko kofin ruwa ba zai zube ba. Na juyo ina jiran yabo.

“Sauka ta yi kyau,” in ji Kolonel. “Ka hwaɗi.”

“Ranka ya daɗe, na faɗi?”

“Kai ɗai ka cikin jirgin ga? Mutum ya yi maka magana, ka amsa mishi kamar ƙuda ya wuce. Saura guda. In ka sake, biro na jiran ka.”

Saura guda ɗin nan ta hana ni jin daɗin abinci har aka sa rana. Da takardar aiki ta fito kuwa, sai na ga inda za a: Arlit. Za mu kai babban injin wuta da famfunan ruwa na barikin soja, da matan sojoji da yaransu masu komawa wajen mazajensu. Murna ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Na buga wa Inna waya na ce ta saurari sama ranar Alhamis da hantsi. Na manta cewa wayar Inna a hannun Mutari take kwana.

A kujerar dama aka sa mini Liyetna Agali, ɗan makiyaya daga Gugaram, siriri, marar yawan magana. Na girme shi a shekaru da gala, amma ya riga ni sanin babban jirgi. Kolonel ya zauna a bayanmu ya harɗe hannuwa. Mun tashi daga Yamai da sassafe, kuma ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba. Jirgin ya cika taf, yana tafiya da nauyinsa, injunan huɗu suna gurnani baki ɗaya, ni kuma ina faɗin komai da baki kamar mai karanta allo, Agali yana amsawa. Muka bar kore a baya, ƙasa ta koma ja, duwatsun Abzin suka fito a damanmu baƙi ƙirin. Agali ya nuna wani kwari da yatsa ya ce can raƙuman babansa suke kiwo. Can sai ga tsaunukan ƙasar da aka haƙo daga ramukan uranium, waɗanda ɗan Arlit ke ganewa ko daga barci ya tashi, sai ga garin kwance a gefensu. A ƙasan nan akwai uwata tana kallon sama, a bayana kuma ga mutane cike da jirgi, kamar yadda take so.

Bazara ce, iska ta yi zafi, irin wadda ke sa jirgi mai nauyi ya riƙa nutsewa. Na daidaita shi da pisti, wato filin sauka, tun daga nesa. Aka sauke tayoyi, gudu daidai, tsawo daidai, hanci ya ɗan ɗaga yadda ake so. A duk sitaj ɗina ban taɓa shirya sauka mai kyan wannan ba. Na ga bakin pisti yana tahowa, fili fetal, babu ko kare. Na fara ja da wutar injuna baya, a zuciyata ina cewa Kolonel, yau sai ka nuna haƙora.

Sai Agali ya ɗaga murya, shi da ko sallama a hankali yake yi.

“A sake tashi!”

Ku ƴaƴana, abin da ya ratsa kaina a ƙiftawar idon nan ya fi wannan babi tsawo. Ina kallon fili da idona, babu komai. Tayoyina sun kusa taɓa ƙasa. In na tashi, na zubar da sauka mafi kyau a rayuwata a gaban mai jarrabawa, a gaban garinmu, a damata ta ƙarshe. Duk jikina na matuƙin yaƙi yana cewa ajiye shi, ka fi yaron nan gani. Amma hannuna na dama ya riga ya tura sandunan wuta gaba har ƙarshe, bakina kuma na ji yana cewa, “Mun tashi!”

Injunan suka yi wata irin ƙara da na ji har cikin haƙorana. Jirgin bai hau nan da nan ba, ya ci gaba da nutsewa, ya yi shawarar nan tasa, ina riƙe da shi ina cewa taso, ɗan albarka, taso. Sai ya ɗaga. Muka bi ta kan pisti ƙasa-ƙasa, muka hau a hankali, na karkata shi muka yi babban zagaye ta kan gari. Agali yana magana da na ƙasa ta rediyo, ni ko tambayarsa ban yi ba, don hannuwana cike suke, zuciyata kuma ta riga ta zauna a kan teburin biro. Da aka ce fili ya gyaru muka sake dawowa. Sauka ta biyu ba ta kai ta farko ba ko kusa, sai da muka yi ɗan tsalle, na ji yara suna ihu a baya. Na tsayar da jirgi, aka kashe injuna.

Kolonel ya leƙo da kansa tsakaninmu.

“Kapiten, mi kag gani?”

“Ban ga komai ba, ranka ya daɗe.”

“To dommi kat tashi?”

“Liyetna ne ya ce.”

Ya dube ni, ya dubi Agali, ya laluba aljihu ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

“Jirgin ga naka na. Allah shi ba ka sa'a.”

Na so in yi ihu, na so in rungume tsohon nan, amma sai na lura Agali bai yi murmushi ba. Na tambaye shi me ya gani. Ya amsa da Hausarsa ta mutanen Abzin.

“Moto, Kapiten. Da yawa. Ya fito daga bayan tudun yashi, ta wajena, hancin jirgi ya rufe maka. Na gaba yana da tuta, ya riga ya hau pisti. Daidai inda taya zai sauka.”

Na sauko daga tsani. Matan sojoji suna fitowa ta ƙofar baya da ƙullin kayansu, suna yi mini sannu, ba su san komai ba. Can bakin fili na hango jandarmomi sun tare gungun ƴan kabu-kabu, sun fi a ƙirga da ido, ana ta hon ana guɗa. Wani ya kufce musu ya taho a guje, ƙura ta rufe shi fari fat, hularsa ta tafi, yana jan sandar tuta a hannu. Sai da ya matso na gane Mutari ne. Ashe fushinsa ya huce tun ranar da ya ji wayata, ya bi tasha-tasha ya tara abokansa su zo su tarbe ni, suka zagaye shinge ta cikin yashi don su riga kowa. Shi a tunaninsa jirgi yana da birki irin na moto.

“Yaya! Yaya! Wallahi wannan ya fi Shaho! Ka ga yadda ka gaishe ni? Iskarka ta kayar da ni daga kan moto! Na ga tayarka da idona, ga ta nan, kamar in miƙa hannu! Duk gari sun gani, har ka zagaya ta kan gidanmu!”

Na ɗaga hannu da niyyar in kwaɗa masa marin da zai tuna har kabari. Hannun bai sauka a kuncinsa ba, wuyan rigarsa ya kama, na jawo shi na ƙanƙame, ina jin zuciyarsa tana bugawa a ƙirjina, da ransa, da ɗuminsa, yana wari-warin mai da zufa. Na yi kuka a gaban sojojina, shi kuwa yana bubbuga bayana yana cewa ai ya yafe mini zancen kamiyo.

Da rana na kai Agali gida. Inna ta yi mana tuwo da miyar kuka, ta riƙa ƙara masa tana cewa yaron nan ba ya ci. Mutari ya zauna a gefensa yana ba shi labarin gaisuwar, wai ko a Faransa ba a taɓa yin irinta da babban jirgi ba. Agali ya kalle ni, na girgiza masa kai kaɗan, ya mayar da idonsa kan kwano ya ce lalle gaisuwa ya yi kyau. Ban gaya wa Inna ba har ta koma ga Allah, don na san ba za ta sake barci ba in ta ji ƙarar jirgi. Jandarmomi dai sun gyara shingen, Mutari kuma na sa shi ya rantse ba zai sake taka pisti ba, na ce masa doka ce.

Na yi sauran shekarun aikina a kamiyon sama, na kai ruwa da magani inda mota ba ta zuwa, na dawo da masu rai da waɗanda suka riga mu, kuma ban taɓa yin kewar kujera ɗaya ba. Baffanku har gobe yana ba da labarin gaisuwar a kowane taron suna, kun ji shi da kunnenku, tayar tana ƙara matsowa kowace shekara. Ku bar shi ya faɗa, kada wanda ya katse shi.

A daminar shekarar matar Mutari ta haifi ɗansu na fari. Da yake mahaifinmu ba ya raye, ni aka tambaya sunan da za a raɗa. Da na faɗa, liman ya sake tambaya, ƴan uwa daga Damagaram suka dubi juna, don a zuriyarmu kaf babu mai irin wannan suna. Mutari ya ja ni gefe.

“Yaya, Agali kuma? Sunan mutanen Abzin? Wa muke da shi mai wannan suna?”

Na ce masa muna da shi, ya je ya kama ragon kawai, mutane suna jira.